Ɗakin da Ba Shi da Hanci

Ni na toshe tagar nan da hannuna.
Kafinta ne ni, duk Rafindadi an san ƙarar gudumata.
Da sanyin bana ya sauka Katsina
na ninka buhu biyu, na bi shi da ƙusa goma sha ɗaya,
na cusa tsumma a ƙasan ƙofa,
na ce: to, sanyi, sai ka nemi wani ɗaki.

Na shigo da kasko cike da gawayin ƙirya,
na ajiye shi daf da gadon Barira.
Uwarta ta barbaɗa turaren wuta don ƙamshi,
ni kuma na kunna maganin sauro a gindin katifa.
Wuta uku, ƙofa a rufe,
muka kwanta mu huɗu: ni, ita, yarinya da hayaƙi.

Tsakar dare atishawa ta fara.
Na ƙirga bakwai, na bar ƙirga.
Ido ja, tana murza shi da bayan hannu,
ƙirjinta na wani siririn fito
irin na butar shayi in ta kusa tafasa,
'yar shekara biyar, hanci a toshe, tana jan iska da baki.

Na ce sanyi ne ya kama ta.
Na ƙara gawayi.
Allah Ya yafe mini, na ƙara gawayi,
na jawo bargon da ya shekara a ƙasan akwati,
ina yi wa ɓarawo shimfiɗa, ina maraba da baƙi.

Kwana shida.
Man zafi ya ƙare, maganin tari kwalba biyu.
Da rana a makaranta garau take,
da dare sai haki.

Ranar Laraba Inna Tasalla ta zo dubiya,
ita da ta tsufa tana aikin jinya a babban asibiti.
Ƙafa ɗaya ta sa, ta yi atishawa uku.
Ta dubi rufi, ta dubi buhuna da ƙusoshina,
ta shafi labule da yatsa,
yatsan ya dawo baƙi.

Ta ce: "Shitu, kai mai yi wa mutane taga,
ka rasa wanda za ka toshe wa hanci sai ɗakinka?
Hura gawayinka a tsakar gida har ya yi jajir,
ya ɗumama ɗaki, ka fitar da shi kafin a kwanta.
Bargon nan ya ga rana, labulen nan ya ga sabulu.
Sauro kuwa, gidansa za ka ɗaura masa.
Ruwan ɗumi da ɗan gishiri a hanci, sirace da yamma.
In fiton ƙirjin ya dawo, kar ka jira ni,
asibiti, ko da tsakar dare ne, ko babu mai kai ka sai jaki."

Da gudumar da na buga, da ita na zare.
Goma suka fito, ta sha ɗayan ta karye a katako,
tana nan har yau, na bar ta ta riƙa tuna mini.
Uwar Barira ta yi kwana biyu tana ƙunƙuni kan turarenta,
yanzu a bakin rijiya take turara kaya,
tana yi tana tsaki.

Daren jiya na farka, ƙafafuna kamar ƙanƙara.
Iska na shigowa ta tazarar yatsa huɗu da na bari.
Na kasa kunne wajen gadonta.
Ba fito, ba tari.
Sai da na tashi na sa tafin hannu kusa da hancinta,
ɗumi ya taɓa ni, ya koma, ya sake taɓa ni.
Na ja zane na rufe ƙafata,
na ce da sanyi: zauna, amma daga nan bakin taga,
ni da kai mun yi sulhu, an gama yaƙi.